Labarin da Ɗan Sin Ya Shanye

Har yau idan na rubuta abu, ko lambar ɗaki ce, sai na karanta shi sau uku kafin in bari ya fita daga hannuna. 'Ya'yana sun gaji da wannan hali, ni ma na gaji da shi. Su suna cewa tsufa ne. Ni kuwa na san tun ina ɗan shekara goma sha ɗaya nake haka, na kuma san abin da ya jawo.

A Jarwal, wata unguwa a Makka, aka haife ni, tun ba a fara rushe gidaje don faɗaɗa Harami ba. Gidanmu ɗaki biyu ne na dutse da laka, sai rumfa da aka rufa da garwar kananzir da aka yanka aka baje. Baba yana ɗibar ruwa a bazan, inda unguwa take samun ruwa, ya rataya garwa biyu a sanda ya kai gidajen mutane. Inna tana suyar ƙosai. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ce ta taso daga ƙasar Kano da ƙafa tare da mijinta, suka yi shekaru a hanya. Bai daɗe da isowa ba ya rasu. Abin da ya bar mata allo ne guda, babba, ya yi baƙi don tsufa, an naɗe wuyansa da fata.

Tunda na iya rubutu, allon nan ya zama aikina. Kaka tana fama da gwiwa. Takan sa in rubuta mata Fatiha da wasu ayoyi, in jingina allon a bayan randa ya bushe, da safe ta wanke da ruwan Zamzam ta sha. A cikin ɗaki take yi, don masu wa'azin garin ba sa son wannan al'ada tamu. Ita ba ta iya karatu ba. Bisimilla kaɗai take ganewa, saboda jan layin nan mai tsawo da ake yi mata.

Wata shekara bayan alhazai sun watse, aka kama ɗakin da ke jikin namu. Mutanen Sin ne, miji da mata da ɗa guda. Kaka ta yi kwana uku tana leƙensu ta kan katanga. Ta ce ita ba ta taɓa ganin Musulmi yana cin abinci da tsinke biyu ba. Sai da ta ga maigidan yana fita kowace salla ya nufi Harami, sannan ta aika musu da ƙosai. Matar ta maido kwanon cike da taliya, wadda mijin yake ja da hannu har ta yi siriri kamar zare. Daga nan su biyun suka shaƙu. Kaka ta yi ta zuba Hausa, matar tana nata yaren, su kuma yi dariya a wuri ɗaya.

Ɗan nasu sa'ana ne, aka sa shi a ajinmu a makarantar gwamnati. Larabcinsa a karye yake, nawa ma ba wani na kirki ba ne. Yana ce mini "ya Takruni", wato baƙar fata mutumin ƙasashenmu, ina ce masa "ya Sini", yadda yaran gari suke kiranmu, sai dai a bakinmu babu zagi a ciki.

Kullum bayan la'asar ubansa yakan sa shi rubutu irin nasu a kan wani falalen dutse da ke ƙofar ɗakinsu. Ba tawada, ba takarda. Ɗan buroshi yake tsomawa a ruwa ya zana, rana ta shanye, ya sake. Wata rana na tambaye shi me yake rubutawa bayan uban ya tashi.

Ya ce, "Nawa. Labarin wani yaro da ya bar garinsu. In na girma littafi zan yi."

Na ce, "Ni ma zan yi littafi."

Ban taɓa tunanin haka ba sai a lokacin, amma ina faɗa abin ya shige ni. Muka shirya cewa shi zai riƙa faɗa, ni in riƙa rubutawa. Littafin makaranta ba na wasa ba ne, malaminmu yana duba kowane shafi. Sai na ɗauko allon Kaka. Da Hausa na riƙa rubutawa, da baƙaƙen Larabci, don ina tsoron in yi kuskure a Larabci ko da ba mai dubawa. In allon ya cika, in karanta masa ina fassarawa, mu haddace, in wanke a gindin bango inda ƙafa ba ta takawa.

Tun a lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. Na tambaye shi ko ƙirƙirar labari ba ƙarya ba ce. Ya ce duk abin da yake faɗa a kansa ya faru, kare kawai ya ƙara wa yaron.

Na ce, "Kare ba zai hau allon kakana ba."

"To me zai hau?"

"Ɗan akuya."

"Ya Takruni, wa ya taɓa ganin akuya ta yi wa ɓarayi haushi?"

"Sai ta tunkuye su."

Ya yi ta dariya har ya kwanta a ƙasa, amma akuyar na rubuta.

Labarin ya ɗauke mu kusan wata biyu. Gida mai bishiya a tsakarsa, mai 'ya'ya kamar gwaba. Kakar yaron da aka bari a baya don ba ta iya tafiya mai nisa. Yaƙi da ya matso garin, da fitowar da suka yi ba su ko rufe ƙofa ba. Duwatsun da ƙanƙara ta lulluɓe, alfadarin da ya zame ya tafi da tukunyarsu. Ƙasar Hindu, da jirgin ruwa zuwa Jidda. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara a kan dutse ba, sai na rubuta ta kamar gishiri, ya ce ya yi kusa.

A kan ƙarshen labarin muka ɓata. Shi yana so yaron ya girma ya koma garinsu, ya tarar da kakarsa a ƙarƙashin bishiya. Ni kuwa a gidanmu ban taɓa jin wanda ya zo Makka ya yi fatan komawa ba. Duk tsohon da na sani addu'arsa ɗaya ce, Allah ya ɗauki ransa a nan, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Ma'ala. In wani ya samu haka, mata sukan ce ya dace. Saboda haka na zauna ni kaɗai na rubuta ƙarshen da na ga ya fi kyau. Na fara da Bisimilla kamar yadda hannuna ya saba. Na cika allon gaba da baya. Yaron ya yi zazzaɓi, ya rasu ran Juma'a, aka kai shi Ma'ala, kowa yana cewa ya dace. Wallahi alheri nake nufinsa da shi.

Da na karanta masa, bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka kashe ni."

"Ba kai ba ne, yaron labari ne. Kuma a Makka ya mutu fa."

"Kakata tana jirana, kai kuma ka kai ni rami."

Ya tashi ya shige ɗakinsu. Ni ma na yi fushi. Na mayar da allon bayan randa, ban wanke ba, don ina ganin in ya huce zai gane gaskiyata.

Kwana uku bai fito ba. A na huɗu muka ji zazzaɓi ne, irin wanda yakan bi gari bayan aikin Hajji. A shekarar ya riga ya ɗauki yara biyu a layinmu. Bayan magariba Kaka ta shigo daga wurinsu ta ce mini, "Maigida, ka yi wa ɗan maƙwabta rubutu. Jikin nan ya yi zafi."

Na ce to. Fitila ɗaya ce a gidan, Inna tana gyaran wake da ita. Na ce a raina gobe in na dawo makaranta sai in wanke allon in rubuta. Da safe na makara, na fita a guje.

Da na dawo, na tarar da allon a rana, fes, ko ɗigon tawada babu. Kaka tana zaune a inuwar rumfa tana murmushi.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, maigida. Ni in na ce ka yi mini, layi biyar kake yi ka gudu. Abokinka kuwa ka cika masa gaba da baya. Uwar ta ba shi, ya shanye tas."

Ban san me na amsa ba. Na tuna dai na je bayan gida na tsuguna, na daɗe ban fito ba.

Kwana biyu na yi da abin a cikina. A aji ba na jin abin da ake faɗa. Ina ta bin layukan a kaina ɗaya bayan ɗaya, ina neman inda na bar wa yaron ƙofa, ko na ce "kamar ya rasu", ko na ce "aka ɗauka ya rasu". Babu. Na rubuta a fili, har da ranar. Wannan kuwa Talata ce. In na ji motsi a ɗakinsu sai gabana ya faɗi, in na ji shiru ya fi faɗuwa. Alwala nakan yi sau uku, sau huɗu, ina ganin ba ta yi ba. Na yi tunanin in yi shiru, tunda ba wanda ya sani. Sai in tuna akwai wanda ya sani.

Ran Alhamis da hantsi na ƙi zuwa makaranta. Kaka tana surfa wake a ɗan turmi. Na tsaya a kanta har ta ɗago.

"Kaka, abin da ke kan allon nan ba aya ba ce."

"To addu'a ce?"

"Labari ne."

"Na wane annabi?"

"Ba na annabi ba ne. Mu muka ƙirƙira, ni da shi."

Ta ajiye taɓaryar. "Tatsuniya? A allon marigayi? Ni na wanke tatsuniya da ruwan Zamzam na kai gidan mutane da hannuna?"

Na ce eh.

"Ai na ga Bisimilla."

"Ni na sa."

Sai ta ce, "Me aka yi a cikin tatsuniyar?"

"Wani yaro ne ɗan Sin. Ya yi zazzaɓi. Ya rasu."

"A ina?"

"A nan. Aka kai shi Ma'ala."

"To ai ya da..." Ba ta ƙarasa ba. Ta sa hannu ta toshe bakinta.

Na zaci za ta dake ni, na ma so ta yi. Ba ta yi ba. Ta yafa mayafi, ta ba ni allon in riƙe, ta ja ni tana ɗingishi har gidan wani tsohon malami mutumin Sakkwato da ke can saman unguwa. Ta gaya masa komai daga bayan labule. Malamin ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Ya ce, "Hajiya, gawayi da ƙaro yaron ya sha, da ruwan Zamzam. Ajali ba a hannun jikanki yake ba. Da rubutun yara yana kisa, da malaman makaranta sun ƙare." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, ɗan nema, ka nemi takarda."

Ya rubuta ayoyi da hannunsa, Kaka ta wanke ta kai. Na ji abin da ya faɗa, na kuma yarda gaskiya ya faɗa. Amma da yamma zazzaɓin bai sauka ba, washegari kuwa Juma'a.

Da sassafe na ɗauki allon na hau bayan gidaje. Ban sa Bisimilla ba. Na rubuta yaron ya warke, ya girma, ya hau jirgin ruwa, ya tsallake duwatsun, ya isa garinsu, kakarsa ta taho da gudu ta rungume shi. Na rungumi allon na je ƙofarsu na yi sallama. Uwar ta buɗe, idanunta sun kumbura, ta nuna mini ciki.

Yana kwance a tabarma, an aske masa kai, an ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Ya rame har kunnuwansa sun yi girma. Na durƙusa na gaya masa abin da ya sha ran Talata. Ban rage komai ba.

Sai ya ce, "Shi ya sa yake da ɗaci."

"Ka yafe mini."

"Ka kashe ni, ka kuma aiko mini in sha. Ya Takruni, kai mugun marubuci ne."

Ya so ya yi dariya, ƙarfin babu. Na ce na sake wani ƙarshen. Ya ce in karanta. Ina karantawa yana tsayar da ni.

"Kakata ba ta gudu. Ƙafafunta ƙanana ne, an ɗaure su tun tana yarinya. Zaune za ta kasance."

Na lashi yatsa na goge, na gyara.

"Ba za ta rungume ni ba. Za ta ce na ci abinci?"

Na gyara.

"Wa ya fara ganina a ƙofa?"

"Ɗan akuyar."

"Kare. Yau kam kare."

Na goge akuya na rubuta kare a allon kakana. Da na gama ya rufe ido, na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, "Yalla, wanke ka kawo."

"In kawo me?"

"In sha. Na sha wancan, wannan ma in sha."

Na ce ba zai yiwu ba. Na farko kuskure ne, Kaka ba ta sani ba, ni ma ban yi niyya ba. Wannan kuwa da gangan ne. Abin da ake wankewa a sha maganar Allah ce. In na wanke tatsuniya mai kare a ciki na ba mara lafiya, ina sane, to na mai da ita kamar aya, ban kuma san sunan wannan zunubi ba.

Ya ce, "Ba malaminku ya ce gawayi ne kawai ba?"

Ashe Kaka ta kwatanta wa uwar, uwar ta kwatanta masa. Na ce eh, haka ya ce.

"To in gawayi ne, ba ni. Ƙishirwa nake ji."

Randarsu tana nan a kusurwa, ƙoƙo a kanta. Taku biyu ne tsakanina da ita. Na dube ta, na dubi allon. Na ce masa gobe. Na fito na je gindin bango na wanke shi tas, ƙasa ta shanye.

Juma'ar ta wuce bai mutu ba. Bayan mako guda ya fara zama, bayan biyu ya fito ƙofa. Ba mu sake maganar littafi ba. Kafin Hajji ta zagayo ubansa ya kwashe su suka koma Ɗa'ifa, inda akwai 'yan uwansu kuma iska ta fi sanyi. Kaka da uwarsa suka yi kuka a ƙofa, kowacce da yarenta.

Na gama aji shida na tsaya. Na yi shekaru ina rubuta wa alhazanmu wasiƙa zuwa gida, daga baya na shiga aikin rubuta sunayensu a ofishin masu yi musu jagora. An san ni da jinkiri, amma ba a taɓa kama ni da kuskure ba. Labari kam ban sake ƙirƙira ba. Shi ya gaji ubansa a sana'ar taliya, ya buɗe ɗan wurin cin abinci, ya yi 'ya'ya. Littafin bai yi ba. Duk sanda ya sauko Umra yakan biyo ta wurina, tun muna Jarwal har muka koma unguwar Mansur. Kafin ya zauna zai ce, "Ya Takruni, ina sauran maganina?" Mu yi dariya. Shi tasa ta gaskiya ce.

Da hanya ta buɗe mutanensu suka fara ziyartar ƙasar Sin, na matsa masa ya je. Shekara ta farko takardu ne ba su fito ba. Ta biyu matarsa ba lafiya. Daga baya ya ce wa zai tarar, kakar ta rasu tun yana yaro, an ce ma unguwar an baje ta. Babban ɗansa ya je ya ɗauko hotuna. Ya duba ya ce bai gane ko'ina ba.

Ya rasu da tsufansa a wani asibiti a nan Makka, aka yi masa salla a Harami, aka kai shi Ma'ala. Ba Juma'a ba ce, na duba. Ina cikin waɗanda suka ɗauki makara. Wani dattijo daga cikin mutanenmu ya matso kusa da ni ya ce, "Abokinka ya dace." Na ce masa haka ne.

Na san abin da malamin nan ya faɗa, na ji wasu malaman sun faɗi irinsa. Ba na jayayya da su. Sai dai wani lokaci bayan la'asar nakan ga randar nan da ƙoƙon a kanta. Yaro mara lafiya ya ce yana jin ƙishirwa, ni kuma na ce masa gobe. In na ce da na ba shi, sai in ji tsoron zunubin. In na ce gara da na hana, sai in tuna muryarsa. Sama da shekara sittin ke nan ina wannan kai da komowa, na gaji.

Allon yana nan a saman kabad, an naɗe shi da tsohon zane. Wata jikata, 'yar shekara goma, ta fara rubuta labarai a littafi mai layi, da Larabci, don Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Jiya ta kawo mini wani ta ce in duba mata. Na sa tabarau na buɗe shafin ƙarshe.

Ta kira ni yadda suke kiran kaka da Larabci, ta ce, "Jaddi, daga farko ake farawa."

Na ce mata na sani, ta ɗan ba ni lokaci.